Yadda Ake Haɗa Sabulun Yumɓu da Man Ƙamshi a Gida, Mu Nan Makka

Duk shekara da zarar an yi ƙaramar Salla nakan ware yini guda in zuba sabulu kashi biyu. Ɗaya mai ƙamshi na mutanen gida, ɗaya kuma babu ko ɗigon turare a cikinsa, na baƙin da za su sauka a wurinmu lokacin aikin Hajji. Lissafi ne ya sa na zaɓi wannan lokaci. Sabulun yana bukatar mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna, to idan aka zuba shi a farkon Shawwal, kafin 8 ga Zulhajji ya bushe ƙarau. Mai harami ba ya shafa turare, kuma malamai da yawa suna ganin gara ya guji sabulu mai ƙamshi. Ga zafi, ga gumi, ga cunkoso. Idan kika miƙa wa Hajiya sabulun da zai wanke ta tas ba tare da ya saka mata shakka a ibadarta ba, kin yi mata babbar kyauta.

Abin da zan fara roƙonki, 'yar'uwa, shi ne ki sayi sikeli. Iyayenmu sun yi sabulun salo da ruwan toka, suna auna shi da ido da harshe, kuma ya yi kyau, domin dafa shi ake yi a wuta ana gyarawa har ya daidaita. Wannan ba a dafa shi. Abin da kika zuba shi za ki samu. Idan soda, wato kostik soda, ta yi yawa zai ci fatar mutum, idan ta yi kaɗan zai zauna luɓus yana tsatsafo mai. Cokali da kofi ba su da aiki a nan. Ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya, shi ne uban tafiyar.

Kayan haɗi, na mai kilo ɗaya:

Man zaitun giram 500
Man kwakwa giram 250
Man kaɗanya giram 200
Man zurma, wanda masu attara, wato masu shagon turare da kayan gargajiya, ke kira zaitul kharwa, giram 50
Soda giram 138
Tataccen ruwa giram 300, za a raba shi 250 da 50
Garin yumɓu giram 20
Man ƙamshi giram 30, idan mai ƙamshin za ki yi

Wannan 138 ɗin ba da ka aka faɗe shi ba. Kowane mai yana da adadin sodar da ke juya shi ya zama sabulu: giram ɗaya na man zaitun yana cin 0.135, na kwakwa 0.183, na kaɗanya da na zurma 0.128 kowannensu. Idan kika buga kika tara, za ki samu giram 145 da ɗoriya. Sai a rage kashi 5 cikin 100 domin ɗan mai ya saura a cikin sabulun ya tausasa fata, shi ne ya ba mu 138. Saboda haka kada ki cire wani mai ki sa wani a madadinsa sai kin sake lissafi. Akwai SoapCalc a intanet, kyauta ne, zai buga miki. Sassauci ɗaya da zan ba ki shi ne man riɗi. Lissafinsa dab yake da na zaitun, kina iya cire giram 100 na zaitun ki sa shi ba tare da kin taɓa sodar ba.

Man zaitun ba sai mai tsada ba. Na girki, irin na yankin Jauf na arewacin Saudiyya da ke cike da kantuna, ya wadatar, muddin ba gauraye yake da wani mai ba. Ki karanta bayan kwalbar. Man kwakwa shi ke kawo kumfa da tauri, amma idan ya yi yawa yana busar da fata, shi ya sa na tsayar da shi a rubu'i. Man kaɗanya kuwa, wanda 'yan'uwa ke kawo mana tsaraba daga gida, ki sansana shi tukuna. Idan ya fara warin tsufa ki bar shi, sabulun ba zai ɓoye warin ba. Mai kyau ma ki narkar ki tace, ba ya rasa ɗan tsaki a ƙasa.

Soda ita ce wadda Larabawa ke kira soda kawiya, masu sabulu a gida kuma suna ce mata kostik soda. Ba bikarbonat ta cincin ba ce, ba kuma kanwa ba. Ki duba a jikin robar an rubuta kashi 98 ko 99 cikin 100. Garin buɗe bututun banɗaki ba ya yi, domin wani ana gauraya shi da wasu abubuwa. Tana shan danshin iska da sauri, ga waɗanda ke Jidda musamman: kina ɗiba ki rufe. Ruwa kuma tatacce ake so, ma'un muƙaɗɗar, ana samu a saidaliyya, wato kantin magani, da manyan kantuna. Idan a shagon kayan mota za ki saya, ki karanta da kyau, domin akwai ruwan batir mai asid, kuma haɗuwarsa da soda bala'i ne.

Maganar yumɓu

Nan ne daɗin aikin yake, don haka bari in ɗan zauna a kai. Yumɓu yana tsotse maiƙon fata, yana sa sabulu ya yi santsi a hannu, yana kuma ba shi launi na ƙasa wanda ba ya kwailewa. Iri uku nake amfani da su.

Na farko farar ƙasa, wadda ake kira kawolin, irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Ita ce mafi sauƙin hali. Ba ta busar da fata sosai, ba ta sa haɗi ya yi kauri da wuri, kuma ita nake sa wa sabulun tsofaffi da na alhazai. Idan yau ne farkonki, da ita za ki fara.

Na biyu gasul, wanda a shagunan attara za ki ji ana cewa ɗin magribi. Daga duwatsun Atlas na Maroko ake haƙo shi, sunansa ma daga kalmar wanki ta Larabci ya fito. Yakan zo ɓalli-ɓalli, launin ƙasa-ƙasa mai duhu, kamar busasshen tabo da ya tsage a bakin tafki. Ki jefa ɓalli ɗaya a ruwa ki tsaya ki gani: zai fara ɗan kumbura, gefensa ya rinƙa zubewa, cikin 'yan mintuna ya narke ya zama laka mai santsi kamar man shanu. Idan kika murza a tsakanin yatsu kika ji tsakuwa-tsakuwa, ba mai kyau ba ne. Ya dace da mai maiƙon fuska, da samarin da ke yini a rana. Ni shi na fi so a sabulun bazara.

Na uku bentonayit. Yana da santsi ƙwarai, shi ya sa ake sa shi a sabulun aski, amma yana shan ruwa kamar ba gobe, yana kuma dunƙulewa. Idan shi za ki sa, ki tsaya a giram 10. Akwai kuma koren yumɓu na Faransa da mai ruwan hoda, waɗanda akasari don launi ake sa su.

Kowanne kika zaɓa, gari ake so mai laushi kamar kwalli. Idan da kanki za ki daka, ki tankaɗe sau biyu da rariyar laushi. Yashi ɗan kaɗan a cikin sabulu yana karce fata. Kada kuma ki ga giram 20 ya yi miki kaɗan ki ƙara. Yumɓu idan ya yi yawa yana kashe kumfa, ya bar fata tana ja bayan wanka.

Man ƙamshi, da abin da ba shi ba

Garin nan garin turare ne, kuma nan ne yawancinmu muke faɗawa. Man ƙamshin da ake nufi shi ne wanda aka tato daga ganye ko fure ko ɓawon tsiro, babu gauraye. Turarukan da ake ɗura mana a ƙananan kwalabe, na oudu da almiski da mukhallaɗ, yawanci an tsinka su da wasu sinadarai, wasu har da sifirit, kuma soda ba ta jituwa da su. Haka humra.

Zubina na biyu a duniya a nan ya lalace. Na sayi turaren oudu a wani shago, mai shagon ya ce mini tsantsa ne. Haɗin yana zuba kamar kunu, gwanin sha'awa. Ina tsiyaya turaren, kafin in juya sau uku ya daskare a tukunyar kamar tuwon da ya kwana, cokalin ya tsaya cak a tsakiya. Da hannu na dinga dannawa a mazubi, da na yanka duk ramuka. Man kaɗanyar da ƙanwata ta ɗauko mini tun daga Zariya a ciki ya tafi. Har yau idan na tuna raina yana sosuwa.

Man ƙamshi na gaskiya a kwalba mai duhu yake zuwa, da sunan tsiron a rubuce. Ki ɗiga ɗigo a farar takarda ki ajiye. Yawancinsu suna tashi su bar takardar babu zoben maiƙo. Haɗin da nake yi: khuzama, wato labanda, giram 20, iklilul jabal, wato rozmari, giram 5, na'ana'a giram 5. Na'ana'a tana sa sanyi a jiki, abin so ne a zafin Makka, amma idan ta yi yawa tana yaji a wurare masu taushi. Man lemo da na lemun tsami ƙamshinsu yana gudu kafin sabulu ya gama bushewa. Kanumfari da kirfa ki bar su, suna ƙona fata suna kuma daskarar da haɗi. Man wardin Ɗa'if, wanda ake sayarwa tola-tola da tsadar gaske, asara ce a zuba shi a nan, soda za ta cinye mafi yawan ƙamshin. Ki ajiye abinki na shafawa. A kofin gilashi za ki auna man ƙamshi, yana cin wasu robobi. Sabulun jarirai da na mai juna biyu kuwa ba na sa musu komai.

A na alhazai, maimakon ƙamshi nakan ƙara garin magarya giram 10, wanda a nan ake kira sidir. Ba turare ba ne. A hadisin mutumin da raƙumarsa ta kayar da shi a Arfa ya rasu cikin harami, da ruwa da magarya aka ce a wanke shi, aka hana sa masa turare. Yana juya launin sabulun ya yi duhu kaɗan, ba laifi.

Kafin ki taɓa soda

Ki fitar da yara daga kicin, ki rufe ƙofa. Ki sa safar hannu ta roba da gilashin kare ido, ba tabarau na karatu ba. Riga mai dogon hannu wadda ta kama wuyan hannu; abaya ko mayafi mai reto yana iya kifar da kofi. Ki buɗe taga, ki kunna shaffaɗ, wato fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje, domin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, iskar ɗakin kawai yake juyawa. Kwanuka su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko roba mai kauri da aka buga wa lamba 5 a ƙasa. Alminiyom, irin tukunyar dalma ta gida, haramiyarki ce: soda tana cin ta tana fitar da iska mai kama wuta. Kayan da kika yi sabulu da su kuma sun bar girki ke nan.

Idan ruwan soda ya taɓa fata, ki sakar masa ruwan famfo minti 15, kada ki tsaya neman khal, wato binega, ko man shafawa. Idan ido ne, ki yi ta wankewa da ruwa, wani ya kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa, ko a wuce asibiti.

Aikin kansa

Ki fara da jiƙa yumɓun. Giram 20 a cikin ruwa giram 50, ki dama har ya zama babu gudaji, ki ajiye gefe. Idan kika zuba shi busasshe a cikin haɗi zai janye ruwan, ya bar ɗigo-ɗigo a sabulun. Ki auna man ƙamshi shi ma, ki rufe. Ki shirya mazubi tun yanzu: na silikon mai kamar na burodi, ko kwalin madara mai tsawo da aka wanke aka yanke gefe ɗaya. Haɗin zai kai kusan kilo ɗaya da rabi.

Sai ruwan soda. Ki auna ruwa giram 250 mai sanyi daga firji, ki ajiye kofin a cikin wurin wanke-wanke, yadda ko ya zube ba zai kai ƙafarki ba. Soda ake zubawa a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, yana iya tafasowa ya fantsamo fuska. Ruwan zai yi fari kamar an ɗiga madara, wani tururi mai shaƙe maƙogwaro zai tashi, ki kau da kai. Kofin zai yi zafin da ya kusa na tafasasshen ruwa. Ki ci gaba da juyawa har ya washe garau, babu ƙwaya ko ɗaya a ƙasa, sannan ki bar shi ya huce.

Yana hucewa kina narkar da man kaɗanya da na kwakwa a wuta kaɗan. Da sun narke ki sauke, ki zuba zaitun da zurma. Abin da ake so, mai da ruwan soda duka su sauko tsakanin digiri 35 da 40. Idan babu ma'aunin zafi, ki taɓa bayan kwanon da safar hannunki, ki ji ɗumi kawai kamar na jikin mutum. A bazara ruwan soda yana daɗewa bai huce ba. Ki tsoma gindin kofin a ruwan ƙanƙara.

Ki tsiyaya ruwan sodar a cikin man a hankali. Ki nutsa kan blendar hannu har ƙasa, ki ɗan karkata ta iska ta fita, sannan ki kunna daƙiƙa 5, ki kashe, ki juya da ita a kashe, ki sake kunnawa. Kada ki bar ta tana ta gudu. Za ki ga man ya daina sheƙi, ya koma launin madarar da aka sa wa shayi. Ki ɗaga blendar ki bar ɗigo ya zuba a saman. Idan ya nutse nan take, da saura. Idan ya ɗan kwanta ya bar sawu siriri kafin ya ɓace, kamar koko mai ruwa-ruwa, to ya isa. Da wannan haɗin bai cika wuce minti 3 zuwa 5 ba.

A wannan gaɓar, tun bai yi kauri ba, za ki zuba jiƙaƙƙen yumɓun, ki buga sau biyu ko uku ya gauraye. Daga nan ki ajiye blenda. Man ƙamshi da cokalin roba ake juya shi, a juya sosai har gefe da ƙasa, domin idan bai shiga ba zai taru wuri ɗaya ya yi wa fata yawa. Yumɓu yana sa haɗi ya kama da sauri, saboda haka ba lokacin amsa waya ba ne. Idan kina son launi biyu, kafin ki sa yumɓun ki raba haɗin gida biyu, ki sa a rabi kawai, ki rinƙa zuba wannan kina zuba wancan, sannan ki ja tsinke a ciki sau ɗaya.

Ki juye a mazubi, ki buga shi a kan tebur sau da yawa kumfar iska ta fito, ki shimfiɗa leda a saman. A ƙasashen sanyi suna lulluɓe shi da bargo. Mu nan ba ma bukata. Sabulun da kansa yana ɗaukar zafi a awannin farko, idan ya haɗu da zafin gari sai ya tsage a tsakiya ko ya tsatso mai. Ki ajiye shi a ɗaki mai mukayyif, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kwanukan kuma ki share su da tsumma ki ajiye sai gobe. Abin da ya saura a jikinsu ya zama sabulu, wankinsu ya yi sauƙi.

Yanka da shanya

Bayan awa 24 zuwa 48 ki danna gefensa, da safar hannu har yanzu. Idan ya yi taurin cuku, ki fitar ki yanka da wuƙa marar haƙora, kaurin yatsa biyu. Za ki samu kamar guda 12. Idan yana manne wa mazubi ki ƙara masa kwana ɗaya.

Ki jera su a tsaye a kan kwali ko katako da aka shimfiɗa wa takarda, da tazara a tsakani, a inuwa mai iska. Ba a rana ba, ba a saman rufi ba, ba a banɗaki ba. Ki juya su duk mako. Ruwan cikinsu ne ke fita a hankali, suna ƙara tauri, kumfar tana ƙara laushi. A Makka mako 4 kan isa, amma 6 ya fi. A Jidda danshi yana sa sabulu ya yi raɓa a jiki, sai a ajiye shi a ɗakin da mukayyif ke aiki. In kina son tabbaci, ki ware guda ɗaya ki rinƙa auna shi duk Juma'a. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya gama.

Kafin ki ba kowa, ki gwada. Ki jiƙa yatsa, ki goga a sabulun, ki ɗan taɓa a bakin harshe. Idan ɗacin sabulu kawai kika ji, lafiya lau. Idan kika ji ya tsunkule ki kamar an ɗana miki batir, akwai sodar da ba ta narke a aiki ba, kada ya taɓa jikin kowa. Takardar gwajin pH kuma ta nuna 9 zuwa 10. Bayan haka ki wanke hannu da shi kwana biyu kafin ki kai shi fuska.

Farin gari da kan fito a saman ba ya cutarwa, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda ya yi tauri yana marmashewa da fararen ƙwayoyi a ciki, soda ce ta yi yawa ko ba ta narke ba, wannan na zubarwa ne. Ɗigo-ɗigo masu launin ruwan lemo da ke fitowa bayan watanni alamar man ya tsufa ne, shi ya sa na ce ki sansana kaɗanyar tun farko.

Idan sun bushe, da takarda ake naɗe su ba leda ba, domin su ci gaba da shan iska. Mai ƙamshi da marar ƙamshi kada su kwana a kwali ɗaya, ko ɗaki ɗaya ma idan da hali, domin sabulu yana ɗaukar ƙamshin maƙwabcinsa, kuma na alhazai ya tashi daga aiki ke nan. Wadda ke son ta mai da shi sana'a ta sani kayan gyaran jiki a ƙasar nan suna ƙarƙashin Hai'atul Giza wad Dawa, wato hukumar kula da abinci da magunguna, sai ta nemi ƙa'idarsu kafin ta fara sayarwa. A jikin kowace takarda nakan rubuta ranar zubi da duk abin da ke ciki, da Hausa da Larabci, saboda wanda wani mai ba ya karɓar jikinsa ya gani tun bai shiga wanka da shi ba.